Yadda ake gwada sikeli kafin a amince da shi: na lantarki da mai sanda a teburin masu ɗura harsashi

A Amurka, maharba da masu gasar harbi da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tattarawa suke yi, su wanke, su sake ɗura shi a gida, dokar tarayya kuma ba ta neman lasisi daga wanda ya yi don amfanin kansa, sai in sayarwa zai yi. A Najeriya ba haka abin yake ba: Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi in ba a ma'ajiyar makamai ta hukuma ba. Saboda haka ba ɗuri za a koya a nan ba, maganar sikeli za a yi. Da wuya ka sami mutanen da ke zargin ma'auninsu kamar waɗannan, domin in albarushi ya wuce ƙima, bindiga ce za ta tarwatse a hannu, dab da fuska. Gwaje-gwajen da suka tsaya a kansu za su amfani duk mai auna abu ƙanƙani, ko mai sayen zinariya ne, ko mai haɗa turare, ko mai ɗakin gwaje-gwaje na makaranta.

Da giren suke awo. Giren 7,000 ne a laba ɗaya, giram ɗaya kuma giren 15.43 ne, wato giren guda miligiram 64.8 ke nan. Sikelin da suke amfani da shi yana karanta har 0.1 na giren, kimanin miligiram 6.5. A ƙananan harsasai, tazarar da ke tsakanin awon albarushin da littafin ɗuri ya ce a fara da shi da wanda ya ce kada a wuce tana iya gaza giren ɗaya. Sikelin da ya kauce da 0.3 ya riga ya cinye babban kaso na wannan tazara, mai shi bai sani ba.

Abin da ke cikin kowanne

Sikeli mai sanda kwatanta nauyi da nauyi yake yi. Sanda ce ke zaune a kan ƙarafa biyu masu kaifin bakin wuƙa, su kuma suna kan mazauni mai santsi, galibi na dutsen aƙiƙ. Tasa tana rataye a gefe guda, akwai kuma ƙarafan awo, babba da ƙanana, da ake turawa a kan tsagogin sandar. A wutsiyarta akwai ɗan fallen jan ƙarfe da ke ratsa tsakanin maganaɗisu biyu don rage lilo. Ba ya taɓa komai, kuma da sandar ta tsaya tasirinsa ya ƙare, don haka ba ya shiga cikin awo. Sanannun wannan iri su ne 5-0-5 da 10-10 na kamfanin RCBS, waɗanda kamfanin Ohaus ya daɗe yana ƙera musu, sai na Redding da na Lee.

Na lantarki kuwa ƙarfin danni yake ji. Yawancinsu, musamman masu araha, suna da ɗan guntun ƙarfe a ciki wanda ke lanƙwasa kaɗan idan an ɗora kaya, an manna masa siririyar waya da ke canza yadda wuta ke bi ta cikinta gwargwadon lanƙwasar. Wannan canji ƙanƙani ne ƙwarai, sai na'ura ta haɓaka shi kafin ya zama lamba, kuma duk wani hayaniyar lantarki da zafin ɗaki tare da shi ake haɓakawa. Akwai iri na biyu mai tsada, irin na ɗakunan bincike, wanda ke amfani da maganaɗisun lantarki ya mayar da tasa mazauninta, sannan ya lissafa wutar da ya ci. FX-120i na kamfanin A&D na Japan irin wannan ne, yana karanta har 0.001 na giram, shi ya sa masu gasar harbin nesa suke rububinsa.

A nan ne bambancin da ya fi muhimmanci yake. Mai sanda in ya sami matsala yakan nuna a jikinsa: allura, wato tsinin sandar da ke nuna layin daidaito, ta yi nauyi, ta maƙale, ta ƙi komawa inda ta tashi. Na lantarki ko daidai yake ko ya kauce, lamba ce tsaf zai ba ka, da ɗigo da komai, ido kuma yana saurin yarda da lamba.

Mataki na farko: wurin zama

Wannan ya shafi duka biyun, kuma mafi yawan sikelin da ake zagi ba su da laifi, teburin ne. Nemi wuri mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya motsi in ka jingina. Masu ɗuri sukan kafa wa sikeli kanta tasa daban a bango, don kada girgizar injin matsin da suke ɗura harsashi da shi ta kai gare shi. Kashe fanka, rufe taga, kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta doke shi. Numfashinka ma yana motsa awon 0.1, in ka sunkuya a kansa.

Mai sanda yana son a ɗaga shi daidai da idonka. In kana leƙen allura daga sama yau, gobe daga gefe, layi biyu za ka riƙa gani sun haɗu alhali ba su haɗu ba. Wasu sukan kafa kyamarar waya a gaban allurar su riƙa kallo a allo, dabara ce mai kyau, amma ga mai sanda kaɗai. Kusa da na lantarki kada waya ta zo.

Mataki na biyu: duwatsun gwaji

Kafin ka ƙara kuɗi ka sayi sikeli mafi tsada, sayi duwatsun gwaji, wato 'yan ƙarafan da aka san ainihin nauyinsu. RCBS da Lyman suna sayar da saiti na giren, daga rabin giren zuwa sama, akwai kuma na giram masu daraja-daraja bisa tsarin hukumar awo ta duniya OIML, inda ajin M1 ya ishi aikin yau da kullum, F da E kuma na ɗakin bincike ne. Da hantsaki ake ɗaukarsu, ba da yatsa ba, domin maiƙo da gumi suna ƙara nauyi, su kuma jawo tsatsa. Ka gama, ka mayar da su akwatinsu.

Za ka ji ana cewa a yi amfani da kwabo, tunda sulen Amurka na senti biyar giram 5 ne daga ma'aikata. Zai gaya maka ko sikelin ya haukace gaba ɗaya, amma kuɗin da ya yi yawo a aljihu ya goge, ya ɗauki dauɗa, bai isa ya yi alƙalanci a kan miligiram shida ba.

Gwajin mai sanda

Sauke sandar a hankali ka duba bakin wuƙaƙen da mazauninsu a cikin haske. Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Goge da auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Kada ka sa mai, ko ɗigo ɗaya. Mai yana kama ƙura ya mayar da ita cingam. Leƙa tsakanin maganaɗisun ma, don ɓurɓushin ƙarfe yakan taru a wurin ya riƙa shafar fallen jan ƙarfen, allura ta riƙa tsayawa inda ta ga dama. Bi tsagogin sandar da busasshen burushi.

Mayar da sandar, rataya tasa, tura dukan ƙarafan zuwa sifili, sannan ka murɗa ƙafar saiti har allura ta zauna a kan layi. Tasar da ta zo da sikelin ita za ka riƙe, domin da nauyinta aka daidaita shi. Ta wani sikelin, ko da kamfaninsu ɗaya, ba lallai ta yi ba.

Yanzu ka taɓa sandar ta yi lilo, ka bar ta ta tsaya. Maimaita kamar sau goma, wani lokaci ka danna ta ƙasa, wani lokaci ka ɗaga ta sama. In duk ta dawo kan layi, lafiya. In daga sama tana tsayawa a wani wuri, daga ƙasa a wani, akwai gogayya: ko dauɗa ta rage, ko bakin wuƙa ya dakushe, ko sandar ta zame gefe tana gugar bango.

Sai gwajin ji. Ɗauki takardar buga rubutu ta yau da kullum, wadda aka rubuta 80 a jikin kwalinta, ma'ana giram 80 ne a kowane murabba'in mita. Yanki ɗan murabba'i, santimita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi. Nauyinsa miligiram 8 ne, ya ɗara 0.1 na giren kaɗan. Saka shi a tasa da hantsaki, ka zuba wa allura ido. Lafiyayyen sikeli zai ɗaga allurar a fili, ta bar layi ta tsaya sama da shi. Raba takardar biyu ka sake. Mai kyau zai motsa ko da rabin. Wanda ka saka wa cikakken yanki bai ko girgiza ba, kada ka auna abin da ke da haɗari da shi.

Daga nan ka ɗora dutsen gwaji wanda ya yi kusa da nauyin da za ka yi aiki da shi, ka tura ƙarafan zuwa lambarsa, ka ga ko allura ta koma layi. Wannan gwaji yana kama kuskuren da ya fi kowanne muni a mai sanda, kuma ba na sikelin ba ne, na hannu ne. A 5-0-5 babban ƙarfen yana tafiya goma-goma. Gwiwar hannu ta taɓa shi ya tsallake tsaga ɗaya, ko ya hau tsakanin tsaga biyu bai zauna ba, har giren goma na iya shiga ko fita, allura kuma za ta nuna maka layi lafiya lau. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa tsayawa ga karanta lambar da suka saita. Haɗa duwatsu suke yi daidai nauyin da suke so, su ɗora, su gani da ido.

Gwajin na lantarki

Nan aikin ya fi yawa. Kunna shi ka bar shi ya ɗumama, minti ashirin zuwa talatin, ko abin da littafinsa ya ce. Na ɗakin bincike wasu ba sa kashe shi sam. In daga mota mai zafi ka shigo da shi, ko daga ɗaki mai sanyi, ƙara masa lokaci har jikinsa ya yi daidai da ɗakin. Batir ya zama sabo, don mai rauni yakan sa lamba yawo tun kafin alamar batir ta fito. In da wuta yake aiki, kada ka haɗa shi layi ɗaya da firji ko wani inji mai tashi da tsayawa, kuma wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka ba abokiyar tafiyarsa ba ce, gara batir. Nisanta shi da doguwar fitila mai ƙyaftawa.

Duba ma'aunin da allo yake nunawa. Harafin g giram ne, gr ko GN giren ne, ct na duwatsu masu daraja ne, dwt da ozt na zinariya da azurfa. Maɓalli ɗaya ne ke juya su, yatsa kuma yakan taɓa shi ba da niyya ba. Tsakanin giram da giren ninki goma sha biyar ne da ɗoriya.

Sai saiti. Danna maɓallin CAL, ka ɗora dutsen da ya zo da sikelin lokacin da allo ya nema, a tsakiyar faranti, ka janye hannu. A nan mutane da yawa suke tsayawa, suna ganin an gama. Ba a gama ba. Dutsen saiti yakan zama giram 20, ko 50, ko 100, kai kuwa abin da za ka auna wataƙila bai kai giram biyu ba. Sikeli yana iya faɗin gaskiya a giram 50, ya yi ƙarya a giram ɗaya. Don haka bayan saiti, ɗora ƙaramin dutse mai kusa da nauyin aikinka.

Ɗora tasa babu komai, danna TARE ya koma sifili, sannan ka ɗauke tasar. Allo zai nuna lamba mai alamar ragi, wato nauyin tasar. Rubuta ta a ɗan salatif ka manna a jikin sikelin. Daga yanzu duk lokacin da ka ɗaga tasa, idonka ya kai kan wannan lamba. In jiya 142.6 ce, yanzu ta zama 142.8, sifilinka ya gusa, kuma duk abin da ka auna tun gusawar yana da tambaya a kansa. A ganina babu dabarar da ta kai wannan arha da amfani, domin gwaji ne da ke faruwa a kowane awo ba tare da ka tsayar da aiki ba.

Ragowar gwaje-gwajen ba kullum ake yi ba, sai ranar da aka sayo sikeli, sai kuma jefi-jefi. Ɗora dutse ɗaya ka sauke sau goma, ka rubuta abin da ya nuna. In lambobin sun bazu fiye da 0.1, iyakar amincinsa ke nan, ko me aka rubuta a kwali. Ɗora shi a tsakiya, sannan a kowace kusurwa ta faranti. Auna dutse biyu ɗaya-ɗaya, ka haɗa lissafin, sannan ka ɗora su tare ka ga ko jimilla ta fito. Bar dutse a kai minti goma, ka ga ko lambar tana rarrafe.

Na ƙarshensu shi ne wanda ke tona asirin masu araha. Da yawansu an sa musu wata dabara ta riƙe sifili: in suka ji ɗan canji a hankali, sai su ɗauka zamewa ce, su haɗiye shi, don allo ya riƙa nuna sifili ba ya rawa. Yanka 'yan takardun nan guda biyar. A kan tasar da ke sifili, saka ɗaya, jira daƙiƙa biyar, saka na biyu, haka har su ƙare. Ya kamata ka ga kimanin 0.6 na giren. Wani sikelin zai tsaya a sifili har ka gama, ko ya nuna 0.2. Ɗaga tasar ka mayar, ka ga abin da zai faɗa. Ga mai barbaɗa ƙwayoyi ɗaya-ɗaya don cika awo, wannan hali haɗari ne tsantsa, domin yana ƙarawa allo bai motsa ba, sai can lamba ta yi tsalle ta wuce. In sikelinka haka yake, bayan kowane ƙari ka ɗaga tasa ka sake ɗorawa, ko ka koma mai sanda, wanda allurarsa ke hawa a gabanka ƙwaya bayan ƙwaya.

Ka lura kuma da yadda lambobi ke hawa. Sikelin da asalinsa 0.01 na giram yake ji, in aka juya shi zuwa giren, matakinsa 0.15 ne, sai ka ga yana tsallake wasu lambobi. Yawan gurabe bayan ɗigo ba shaida ba ce.

Abu biyu da suka shafe mu kai tsaye

Jan ƙasa ba ɗaya ba ne ko'ina. Ya fi rauni a kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, ya fi ƙarfi a ƙuryar arewa da kudu. Mai sanda bai damu ba, tunda abin da ya ja kaya shi ya ja ƙarfen awo. Na lantarki kuwa, wanda aka saita a tsakiyar Amurka aka kawo Kano ko Maraɗi, zai rage wajen kashi 0.2 cikin 100, wato abin da yake giram 100 ya nuna kusan 99.8. A buhun masara ba komai ba ne, a zinariya kuɗi ne. Duk sikelin lantarkin da ya yi doguwar tafiya, a sake saita shi a inda zai zauna. Wanda ba shi da hanyar saiti kuwa, ni ba zan saya ba.

Na biyu hunturu. Busasshiyar iskar da ke sa riga ta yi ƙas-ƙas da tartsatsi in ka cire ta, ita ce ke tara caji a jikin roba. Tasar roba, murfin roba, har hannun rigar leda, suna iya jan faranti ko tura shi, lamba ta riƙa canzawa da ka matso da hannu. Gwada ka gani: kawo tafinka kusa da faranti ba tare da ka taɓa ba. In lamba ta motsa, caji ne. Koma tasar ƙarfe, goge jikin sikelin da kewayensa da tsumma mai ɗan danshi, ka taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ka fara. Mai sanda ma bai tsira gaba ɗaya ba in jikinsa roba ne, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga mazaunin wuƙa, don haka a rufe shi da zarar an gama.

In biyun suka saɓa

Wanda ke da sikeli biyu ba shi da dutsen gwaji, gardama kawai ya saya. Kada ka zaɓi wanda ya fi tsada, ko wanda lambarsa ta fi yi maka daɗi. Ɗora dutse guda a kan kowanne. Wanda ya kauce, in na lantarki ne, ka sake ɗumama shi, ka sake saiti, ka gwada. In mai sanda ne, ka sake sharewa da daidaita sifili. In ya sake kaucewa, ajiye shi. Na lantarki mai araha da ya fara yawo ba a cika gyara shi ba, musamman in ya taɓa faɗuwa ko an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, domin ƙarfen cikin in ya lanƙwashe ba ya komawa. Mai sanda kuwa sau da yawa shara ce kawai, shi ya sa ake samun na shekara arba'in yana aiki.

In za a bi tawa, na lantarki shi ne na sauri: tantance abubuwa masu yawa, gano nauyin abin da ba ka sani ba, aikin da mai sanda zai sa ka yini kana tura ƙarafa. Amma inda nauyi ɗaya ake maimaitawa, kuma wucewa haɗari ne, mai sanda mai tsabta ya fi na lantarki mai araha kwanciyar hankali. Wanda ya fi su duka shi ne na maganaɗisun lantarki, sai dai kuɗinsa ya ninka nasu sau da yawa, kuma shi ma bai yafe maka fanka da wuta marar kyau ba.

A tsakiyar aiki, bayan kowane awo goma ko makamancin haka, mayar da tasa babu komai ka ga sifili, ka ɗora dutsen gwaji. In ya kauce, koma ka sake auna duk abin da ka yi tun gwajin baya, ba na ƙarshe kaɗai ba. Ka ajiye ɗan littafi kusa: kwanan wata, dutsen da ka ɗora, abin da ya nuna. Sikelin da ke lalacewa a hankali a littafin ake fara ganinsa.

Da ka tashi, sauke sandar daga mazauninta in za a daɗe ba a yi aiki ba, ko za a ɗauki sikelin zuwa wani wuri, don kada bakin wuƙa ya riƙa dukan dutse. Na lantarki kuma a cire masa batir kada ya zubo, a rufe farantinsa da murfi mai tauri, kuma kada a ɗora komai a kansa a cikin durowa, ko da a kashe yake.